Bazarar 2026 Tsakanin Sallah Biyu: Tashe, Hawa, Gala Da Sauran Abubuwan Kallo

Tun da azumi ya kama ake ta turo mana tambaya kusan iri ɗaya: wane fim ne zai fita da Sallah, wane mawaƙi ne zai zo garinmu, za a yi hawa a Kano bana ko kuwa? Maimakon amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ga bayanin a wuri guda. Ku ajiye shi, zai yi muku amfani har ruwan farko ya sauka.

Abin da za a fara riƙewa shi ne, harkar kallo a ƙasar Hausa ba fosta ce ke tsara ta ba. Abu uku ne: wata, zafi, da izinin hukuma. Duk ranar da kuka gani an buga a Instagram, sai ta bi ta hannun waɗannan ukun kafin ta tabbata.

Bana kuma watan ya yi abin da ya daɗe bai yi ba. Ana sa ran Ƙaramar Sallah wajen Juma'a 20 ga Maris, Babbar Sallah kuma wajen Laraba 27 ga Mayu. Wato ɗaya ta buɗe bazara, ɗaya ta rufe ta. Rabon da Babbar Sallah ta faɗo a watan Mayu tun 1995, lokacin da fim ɗin Turmin Danya yake da shekara biyar da fitowa, ko sunan Kannywood ba a raɗa ba. Yawancin masu karanta wannan shafin ba a haife ku ba ma. Dalili kuwa sananne ne: shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma zuwa sha ɗaya, shi ya sa Sallah ke ja da baya kowace shekara. Bara an yi ƙarama ranar 30 ga Maris, babba ranar 6 ga Yuni. Kuma kar a manta, kwanakin nan lissafi ne kawai. A Najeriya sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, Nijar kuma tana da nata tsarin sanarwar, wani lokaci a samu bambancin kwana ɗaya tsakanin Katsina da Maraɗi. Mai shirin tsallaka iyaka don kallon wasa ya sa wannan a lissafinsa.

Goman tsakiya: tashe

Kafin Sallah akwai tashe, kuma ni a wurina shi ne wasan kwaikwayon Bahaushe na asali. Ana fara shi idan azumi ya kai goma, bayan an sha ruwa. Yara su yi gemun auduga, su cusa tsumma a ciki ya zama tumbi, su ɗauki gwangwani ko tulu a matsayin ganga, su bi gida-gida. Maza na da nasu, irin su Macukule da Jatau Mai Magani, mata na da nasu, irin su Samodara da Mairama da Daudu, inda 'yan mata ke kwaikwayon zaman aure, ɗaya ta sa babbar riga ta zama maigida. Ga kuma tashen gwauro, wanda a Kano har sarauta gare shi, Nalako, mai farautar mazan da azumi ya riske su babu mata.

Ku zauna ku kalli tashe da idon mai kallon fim, za ku sha mamaki. Akwai kwalliya, akwai sutura, akwai waƙa mai amshi, akwai habaici ga malamin da ba ya aiki da iliminsa da mai maganin da ke cika baki. Duk wanda ya san barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro zai gane daga wace rijiya aka ɗebo ruwan. Masu barkwancin TikTok na yanzu ma, ko sun sani ko ba su sani ba, jikokin tashe ne.

Sai dai a birnin Kano abin ya ja baya. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sanda ta sha fitar da sanarwar hana tashe, saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna ƙwacen waya da faɗan daba. Don haka wanda yake son ganin tashe mai rai, ya fi samunsa a ƙananan garuruwa da unguwannin da kowa ya san kowa. Idan ƙannenku za su fita, su tsaya a layinku, kuma a samu babba ya bi su.

A wannan watan gala da kiɗan DJ suna kwanciya. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta taɓa ba da umarnin rufe gidajen gala gaba ɗaya saboda azumi. 'Yan fim da yawa suna ajiye aiki, a goman ƙarshe kuma sai ku ga hotunansu daga Umara. Amma a situdiyo ba a barci. Yawancin waƙoƙin da za su cika muku kunne ranar Sallah, da daddare bayan tarawihi ake haɗa su.

Hawan Sallah

Nan ne zan ɗan daɗe, domin shi ne babban abin kallo na shekara, kuma shi ne wanda ya fi shiga rashin tabbas.

A Kano hawa ba na kwana ɗaya ba ne. Ranar Sallah sarki kan fita da ƙafa zuwa filin idi na Ƙofar Mata, bayan an idar ya hau doki ya zago ta cikin gari ya koma gida. Washegari da yamma sai Hawan Daushe, wanda shi ne 'yan kallo suka fi so: sarki ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiya, sannan ya zo Ƙofar Kudu, hakimai su yi ta wucewa kowa da tawagarsa, a rufe da jafi, mahaya su sako dawakai a guje su ja linzami a gabansa suna jinjina. Rana ta uku Hawan Nasarawa ne, da safe, inda ake zuwa gidan gwamnati a kuma ratsa unguwannin wajen ganuwa har Sabon Gari. Na ƙarshe shi ne fita bayan gari, Ɗorayi da Ƙaramar Sallah, Fanisau da babba. Masana tarihi suna danganta tushen wannan al'ada da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Shawarata ga masoya waƙa: ranar hawa ku rage kallon dawakai, ku buɗe kunne. Kakaki ba a busa wa kowa sai sarki. Tambari ma haka. Ga algaita, wadda mai busa ta yake cika kumatu yana jan numfashi ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Ga kotso da taushi na makaɗan fada, ga ƙarar bindigogin 'yan bindiga da ke sa yara toshe kunne. Sautin da kuke ji an kwaikwaya da fiyano a waƙoƙin sarauta na Aminu Ala ko Naziru Sarkin Waƙa, a nan za ku ji shi da ransa. Ni dai tun da na ji kakaki a kusa da ni, wanda ke cikin fiyano ya daina burge ni.

To amma ga inda gizo ke saƙar. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Sai dai tun bayan da rikicin sarautar Kano ya taso a watan Mayu na 2024, 'yan sanda sun hana hawa da Babbar Sallar shekarar, suka sake hanawa a Sallah biyun 2025, bisa dalilin tsaro. Ba hurumin wannan shafin ba ne ya ce wane ne da gaskiya. Abin da ya shafe mu shi ne, sanarwar hanawa takan fito ne ana saura kwana kaɗan, bayan mutane sun riga sun ɗinka kaya, masu dawakai sun kashe kuɗi, baƙi sun kama ɗaki. Kar wanda ya biya kuɗin mota daga Legas ko Yamai saboda hawan Kano kaɗai sai ya ji sanarwar masarauta da ta 'yan sanda duka biyun.

Kuma Kano ba ita kaɗai ke hawa ba. Katsina na yi a Ƙofar Soro, kuma mahayanta ba sa wasa da ado. Zazzau na da Hawan Bariki da Hawan Daushe nata. Daura na da Hawan Magajiya. Akwai Haɗeja, Gumel, Kazaure, Dutse, Bauchi da Bida, a Nijar kuma akwai Damagaram. Ƙananan masarautun ma sun fi daɗin kallo ta wata fuskar: babu turereniya sosai, kuma za ka matsa kusa har ka ga aikin da aka yi wa sirdi.

Bana tun da hawan na tsakiyar zafi ne, a riƙe ruwa, a sa hula, a bar ƙananan yara a inuwa. Kuma a tsaya bayan layin da dogarai suka ja. Dokin da aka sako a guje bai san kana ɗaukar bidiyo ba.

Fim ɗin Sallah: daga sinima zuwa waya

Da can, Sallah ita ce kasuwar fim. Yayyenmu suna ba da labarin layin da ake yi a Marhaba, El-Dorado, Plaza da Orion. Daga baya aka koma kaset da faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su yi ta sauke sababbin fina-finai a makon Sallah. Da satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, sai manyan furodusoshi suka koma sinimar zamani da ke Ado Bayero Mall a titin gidan zu, inda aka haska Mansoor na Ali Nuhu da Ƙaramar Sallar 2017.

Yanzu kam ƙarfin masana'antar ya koma shiri mai dogon zango, a YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Labarina, Izzar So, Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Gidan Badamasi, Manyan Mata, kowa da ranarsa da 'yan kallonsa. Abin da za ku sa ido a kai shi ne makon Sallah da wanda ke biye da shi, domin masu shiri suna son sako sabon zango ko tallansa a lokacin da kowa ke gida, da kuɗin barka da Sallah a aljihu na sayen data.

Nan ma hukuma na da ta cewa. A watan Mayun bara Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo su an tace ba kafin a sake su. Idan shirin da kuke bi ya yi shiru ba zato, kafin ku fara zagin darakta a sashen sharhi, ku bincika ko matsalar daga can take.

Wata roƙo: ku kalla a shafin masu shirin. Wanda ya sauke ya tura muku ta Xender ko ya sake ɗorawa a wani shafin, kuɗin mai riƙe fitila da mai dafa abincin lokeshan ya cinye.

Gala da wasan mawaƙa

Daga daren Sallah zuwa kwana huɗu ko biyar, wannan ne kakar mawaƙa da 'yan rawa. Za ku ga fostoci da fuskokin Hamisu Breaker, Umar M. Shareef, Ado Gwanja, Ali Jita, Auta Waziri, ko na ɓangaren hip hop irin su DJ AB da Classiq. Wasu a Kaduna, Jos ko Abuja za su yi Sallar, wasu kuma su tsallaka Nijar, inda ake matuƙar girmama mawaƙan Hausa. A Yamai manyan wuraren wasa su ne Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda da Palais du 29 Juillet, sannan akwai Maraɗi, Damagaram, Tawa da Agadas. Zangon Kumasi da Nima a Ankara su ma sukan gayyata.

Fuskar mutum a fosta fa ba ta nufin zai zo. Na taɓa biyan tikiti mai tsada a wani wasa saboda mawaƙi ɗaya tal. Muka zauna tun bayan isha'i, aka yi ta turo mana yara masu mamin, janareta ya mutu sau biyu, wajen sha biyun dare mai gabatarwa ya ce wai mota ce ta lalace da shi a hanya. Washegari na ga mawaƙin ya ɗora bidiyo daga wani gari daban, bai ma san da zaman wasan ba. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: sai na ga mawaƙi da bakinsa, a shafinsa na gaskiya, ya faɗi gari da rana da wuri. Kuma ba na tura kuɗin tikiti zuwa asusun wani mutum da ban san shi ba. Gara na biya a ƙofa ko da da ƙari.

A Kano, wasan da ba shi da izinin hukumar tace fina-finai ana iya tsayar da shi ana tsaka da yi, kuma Hisbah na sa ido kan cakuɗuwar maza da mata. Wannan ya sa manyan wasanni da yawa suke komawa wasu jihohin. 'Yan mata masu zuwa kallo, ku je a ƙungiya, ku san wanda zai mayar da ku gida tun kafin ku fita.

Wani abu da zai bambanta bana: zaɓen 2027 na ƙaratowa. Ku sa ran waƙoƙin siyasa za su yi yawa, kuma wasu mawaƙan za su fi samuwa a taron 'yan takara fiye da dandalin masoya. Masu bin Rarara sun san zancen.

Tsakanin Sallah da Sallah

Wata biyu da 'yan kwanaki ne a tsakani, kuma su ne mafi zafi a shekara. A Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai zafin Afrilu yakan kai digiri 40 har ya wuce. Komai sai ya koma yamma da dare. Lokacin sanƙarau ne kuma, don haka ɗakin kallon da aka cunkushe babu taga ba wurin zama ba ne.

Ranar 27 ga Maris ita ce Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya, ana bikinta tun 1962, bana kuma ta faɗo mako ɗaya bayan Sallah. Wuraren da za a leƙa su ne sassan koyar da wasan kwaikwayo na jami'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da dandalin da ake kira Drama Village, wanda aka gina da fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna zagaye da fili a tsakiya. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos su ma suna da sassan. Ɗalibai sukan nuna wasanninsu na jarrabawa, sau da yawa kyauta ko da kuɗi kaɗan. Duk mai burin shiga fim ya je ya ga yadda ake riƙe 'yan kallo awa guda babu "a sake ɗauka". A Jos kuma akwai ƙungiyar Jos Repertory Theatre da ta daɗe tana shirya bikin wasannin daɓe.

Tun da an ambaci Jos: Ista ta bana ranar 5 ga Afrilu ce, kuma mawaƙan coci masu waƙa da Hausa a Filato, kudancin Kaduna, Gombe da Adamawa suna cika wurare a makon. A wannan tsakanin ne kuma Birom ke yin bikinsu na Nzem Berom, na shiga damina, inda za ku ji kundung, wani abin kiɗa na katako da ƙahonni wanda sautinsa ba ya kama da komai da muka saba ji a situdiyon Kano.

Dambe na dawowa da ƙarfinsa bayan azumi. A Kano akwai dandalin Ado Bayero a Sabon Gari, a Abuja akwai gidan damben Dei-Dei. Ɓangarori uku ne ke karawa, Kudu, Arewa da Guramaɗa, kuma ana farawa ne da la'asar sakaliya idan rana ta yi sanyi. Ko ba ka son naushi, je ka don kalangu da kirari. Yadda makaɗi ke zuga ɗan dambe har jikinsa ya ɗauki tsuma, tun zamanin Ɗan Anace da Shago abin bai canza ba.

Shawwal watan biki ne, auren da aka ɗage saboda azumi duk a nan ake sauke shi, don haka masu kiɗan ƙwarya, DJ da mawaƙan amare ba sa hutawa. Masu shirin biki a Kano su tuna cewa a Mayun bara hukumar tace fina-finai ta haramta abin da ake kira Ƙauyawa Day.

Daga waje kuma, bikin ba da kyaututtuka na AMVCA a Legas tun 2022 a watan Mayu ake yin sa. Da akwai rukunin fim ɗin Hausa shi kaɗai, wanda Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya lashe a 2023. Daga 2024 aka haɗe harsunan Afirka ta Yamma a rukuni guda, wato yanzu fim ɗin Hausa da na Yarbanci da na Ibo kujera ɗaya suke nema. Ni ban ji daɗin wannan canjin ba, domin kuɗin da ake zubawa a fim ɗin sinima na Legas ba ɗaya ba ne da namu. Masu tambayar FESPACO na Wagadugu kuma, ba bana ba ne. Duk bayan shekara biyu ake yi, a shekarun mara, sai 2027. Shi ne bikin da Oumarou Ganda na Nijar, wanda aka sa wa waccan cibiyar ta Yamai sunansa, ya fara lashe babbar kyautarsa a 1972.

Masu JAMB da WAEC, kun san a wannan tsakanin jarrabawarku take. Duk abin da aka yi za ku same shi a YouTube daga baya.

Babbar Sallah

Tsarin kusan ɗaya ne da na ƙarama, da bambanci biyu. Na farko, kuɗin gida ya tafi wajen rago, kuma ranar farko da ta biyu kowa na fama da yanka, suya da rabon nama, shi ya sa wasanni suka fi armashi daga rana ta uku. Wasu fitattun ma suna Saudiyya wajen aikin Hajji, don haka a ƙara tantance fosta.

Na biyu shi ne sama. Ƙarshen Mayu hadari ya fara haɗuwa. A Jos, Kaduna da Abuja ruwa ya riga ya sauka, a Kano da Katsina kuma lokacin iskar farkon damina ne, mai tayar da ƙura ta kwashe rumfa da allon talla. Wasan fili a irin wannan lokaci caca ne. Idan an ba ku zaɓi tsakanin na fili da na cikin zaure, ku ɗauki na zaure, kuma ku tambayi masu shiryawa tun kafin ku biya: idan ruwa ya hana wasa, za a mayar da kuɗi ne ko za a sa wata ranar?